Garke da Ƙurarsa: Yadda Ake Gano Garken Taurarin da Ke Tare Hasken Kweza

Gabatarwa

Manomin Karakkai, can ƙasar Bungudu ta Jihar Zamfara, ba baƙo ba ne wajen duban sama. Tun kaka da kakanni da taurari ake ƙidayar damina a wannan yanki, malamai suna bin masaukan wata guda 28 ɗaya bayan ɗaya, irin su Surayya da Dabaran da Zira'a da Jabha, su faɗa wa manomi lokacin shuka da lokacin da ruwa zai ɗauke. Ko yaro makiyayi ya san Kaza da 'Ya'yanta, ya san Zara matar wata, ya kuma san Gamzaki mai fitowa gabannin asuba. To, amma duk wannan sani na abin da ido ke iya gani ne. Masana ilmin taurari na wannan zamani kuwa sun tarar akwai abubuwa masu ɗimbin yawa a sararin samaniya waɗanda ba su da hasken da za a gan su da shi, sai dai a gane suna nan ta wajen abin da suka rage daga hasken wani.

Misali zai sauƙaƙa fahimtar wannan magana. A ce mutum yana zaune a bakin gonarsa da dare, yana hangen wata fitila mai ƙarfi can nesa. Yana cikin kallo sai ya ga hasken ya dusashe, ya yi ja-ja. Nan take zai san ƙura ce ta shiga tsakaninsa da fitilar, kuma da yake ruwa ba ya tsami banza, zai ce lalle akwai garken da ya tayar da ita. Amma wane garke ne? Shanu ne ko tumaki? Kusa da shi suke ko kusa da fitilar? Ƙurar ba za ta faɗa masa ba, sai ya tashi ya je ya gani da idonsa.

Wannan maƙala za ta yi bayani ne a kan irin wannan aiki na tashi a je a gani, kamar yadda masana taurari ke yin sa da madubin hangen nesa: mece ce fitilar, mece ce ƙurar, yaya ake gane mai ita, kuma me aka ƙaru da shi.

Garken Taurari da Kweza

Kafin a shiga zancen, ya kamata a daidaita ma'auni. Haske yana tafiyar kilomita 300,000 a kowace daƙiƙa, yana kuma cin minti 8 da ɗoriya kafin ya iso duniya daga rana. Nisan da yake ci a cikin shekara guda shi ake kira shekarar haske, kuma da shi ake auna tazarar da ke tsakanin taurari, domin kilomita ta yi kaɗan. Saboda haka, wanda ya hangi abin da ke nisan shekarar haske 1,000, yana ganinsa ne kamar yadda yake shekara 1,000 da suka wuce.

Taurari ba a warwatse suke barkatai ba, garke-garke suke. Rana da dukan taurarin da ido ke iya ƙidayawa suna cikin garke guda, wanda ke da taurari fiye da biliyan 100, faɗinsa kuma ya kai kimanin shekarar haske 100,000. Farin zanen nan mai kama da hayaƙi da ke ratsa sama a daren da babu wata, gefen wannan garke ne ake hange daga cikinsa. Bayan shi akwai wasu garkunan, biliyoyi a kan biliyoyi.

Ita kuwa fitilar, ita ce abin da ake kira kweza, jam'i kwezoji. A shekarar 1962 wasu masana a Parkes ta ƙasar Ostareliya suka yi amfani da lokacin da wata ya gitta ta gaban wani abu mai fitar da igiyar rediyo, wanda aka yi wa lamba 3C 273, suka tantance daidai inda yake a sama. A 1963 sai Maarten Schmidt ya binciki haskensa da madubin Dutsen Palomar na Kalifoniya, mai faɗin mita 5. Abin ya yi kama da tauraro, amma sai ya tarar nisansa ya wuce shekarar haske biliyan 2. Abin da za a gani daga irin wannan nisa lalle haskensa ya wuce misali, kuma an lissafta cewa ya ninka na dukan garken da rana ke ciki fiye da sau 100. Daga baya aka fahimci cewa kweza zuciyar wani garke ce, inda wani baƙin rami mai nauyin miliyoyin rana ke haɗiyar iskar gas, ita kuwa iskar, kafin ta faɗa, tana ɗaukar zafi har ta haskaka. Wani babban binciken sama mai suna Sloan, wanda aka fara a shekarar 2000, ya fitar da jerin kwezoji fiye da 750,000 a 2020. Watau ke nan an sami fitilu birjik a kowace kusurwa, kuma hasken kowace sai ya keta abin da ke kan hanyarsa kafin ya iso.

Tsagar da Ke Jikin Haske

Yaya ake sanin haske ya keta wani abu a hanya? Idan aka bi da farin haske ta cikin gilashi mai kusurwa uku, sai ya baje ya zama launuka kamar bakan gizo, daga ja zuwa shunayya. Wannan shi ake kira bakan haske. A shekarar 1814 wani Bajamushe, Joseph Fraunhofer, ya lura da ɗaruruwan baƙaƙen layuka sirara a cikin bakan hasken rana. A wajen 1859 Gustav Kirchhoff da Robert Bunsen suka gano dalili: kowane sinadari, in yana cikin siffar iska, akwai launukan da yake tsotsewa daga hasken da ya ratsa shi, ya bar gurbinsu baƙi, kuma ba sinadarin da ke tarayya da wani a tsarin layukansa. Kamar dai yadda a da ake duban tsagar fuska a ce wannan Bazamfare ne, wannan Bagobiri, wancan Bakabe, haka masani ke duban waɗannan layuka ya ce wannan haidirojin ne, wannan ƙarfe, wancan maganiziyam.

Akwai abu na biyu da layukan ke faɗa, watau nisa. A 1929 Edwin Hubble ya nuna cewa garkunan taurari suna nisantar juna, kuma gwargwadon nisan garke gwargwadon saurin nisantarsa. Dalili shi ne sararin samaniya kansa yana buɗewa, kuma hasken da ya daɗe yana tafiya a cikinsa yana miƙewa tare da shi, sai layukansa su goce daga mazauninsu na asali zuwa ɓangaren ja. Wanda ya auna yawan wannan gocewa ya san daɗewar da hasken ya yi a hanya.

Alal misali, maganiziyam yana da layuka biyu tagwaye, a ma'auni na 2,796 da 2,803. Ana yin wannan awo da angistiram, wanda shi ne kashi ɗaya cikin miliyan 10 na milimita. Waɗannan layuka suna can gaba da shunayya, inda ido ba ya gani, iskar da ke kewaye da duniya ma ba ta barin irin wannan haske ya sauko ƙasa. Amma idan ma'aunin gocewa ya kai 0.43, sai a ninka lambobin da 1.43, tagwayen su koma wajen 3,998 da 4,008, inda madubin da ke ƙasa zai iya kama su. Tsagar ta nuna dangi, gocewar ta nuna nisa.

Ƙurar Wane Ne?

A shekarar 1966 aka fara ganin baƙaƙen layuka a bakan hasken wata kweza mai lamba 3C 191. Ba a daɗe ba aka riƙa samun wasu kwezoji masu layukan da gocewarsu ta gaza ta kwezar kanta nesa ba kusa ba, wani lokaci ma kashi-kashi a haske guda, kowane kashi da nasa ma'auni. Sai gardama ta tashi. Wasu masana suka ce iskar gas ce da kwezar ke fesowa daga jikinta da gudun gaske, gudun ne ya rage gocewar. Wasu kuwa suka ce a'a, abubuwa ne daban da ke kan hanya, ba ruwansu da kwezar. In aka koma ga misalin farko, tambayar ita ce, hayaƙin fitilar ne ko kuwa ƙurar wani garke mai wucewa?

A 1969 John Bahcall da Lyman Spitzer suka kawo shawara mai nauyi. Suka lura cewa ana samun layukan nan da yawan da ya wuce abin da za a zata in da girman garke bai wuce inda taurarinsa suka tsaya ba. Saboda haka suka ce watakila kowane garke yana lulluɓe da iskar gas marar kauri, wadda ta miƙa nesa ƙwarai da inda haskensa ya ƙare. Magana ce mai ma'ana, amma zato ce, kuma hangen Dala ba shiga birni ba ne. Ana bukatar a nuna garken, a ce ga shi.

An sami alamar farko daga kusa. A 1978 Alec Boksenberg da Wallace Sargent suka ga layukan kalsiyam a hasken kweza 4C 32.33, a daidai gocewar wani garke na kusa mai lamba NGC 3067, wanda ke gefenta a sama. Amma a nan garken aka fara gani, sa'an nan aka nemi ƙurarsa. Abin da ya rage shi ne a juya aikin, a fara da ƙurar da ke can nesa, a bi ta har a kai ga mai ita.

Yadda Ake Bin Sawu

Wadda ta fara cin wannan nasara ita ce Jacqueline Bergeron ta ƙasar Faransa, a shekarar 1986, kuma matakan da ta bi su ne ginshiƙin aikin har yau.

Mataki na farko, a zaɓi kwezar da aka riga aka ga layukan tarewa a haskenta. Ta ɗauki PKS 2128-12, wadda gocewarta 0.50 ce, alhali a cikin haskenta akwai tagwayen maganiziyam a 0.43. Watau hasken ya baro kwezar kimanin shekara biliyan 5 da suka wuce, ya yi tafiyar ɗaruruwan miliyoyin shekaru, sa'an nan ya keta wata iska.

Mataki na biyu, a ɗauki hoton wurin. Ana tsai da madubi a kan kwezar na dogon lokaci, na'urar ɗaukar hoto tana tara haske kaɗan-kaɗan, kamar yadda ake tara ruwan indararo a randa, har dusassun abubuwan da ke kewaye su bayyana. Akan ɗauki hoton da launuka daban-daban, domin launin garke yana ba da haske a kan nisansa da shekarun taurarinsa.

Mataki na uku, a tantance abin da ya fito a hoton. Tauraro ɗigo ne mai kaifi, garke kuwa yakan yi dishi-dishi kamar ɗan gajimare. Sai a jera garkunan da ke kusa da kwezar, su ne waɗanda ake tuhuma.

Mataki na huɗu, a ɗauki bakan hasken kowane wanda ake tuhuma, a auna gocewarsa. Wanda tasa ta zo daidai da ta layukan tarewa, shi ne mai ƙurar. Bergeron ta sami wani garke a gefen kwezar, tazararsu a sama ba ta wuce kashi ɗaya cikin 200 na faɗin wata ba, gocewarsa kuwa 0.43 cif.

Mataki na biyar, a mai da wannan 'yar tazara zuwa nisa na hakika. Bisa lissafin yau, hasken kwezar ya wuce ne ta wani wuri mai nisan shekarar haske fiye da 150,000 daga tsakiyar garken, inda hoto bai nuna komai ba sai duhu. Ke nan garken yana da iska a inda ba shi da taurari. Gani ya kori ji.

A 1991 Bergeron da Patrick Boissé suka maimaita aikin a kan wasu kwezoji da madubin La Silla na ƙasar Cile, suka sami garken da ake nema a mafi yawansu. A 1994 Charles Steidel da abokan aikinsa suka kai adadin zuwa 58. Daga nan shawarar Bahcall da Spitzer ta tashi daga zato ta zama abin da aka tabbatar, ko da yake an kuma gane akwai wasu layukan, masu faɗi, waɗanda daga iskar kwezar kanta suke. Ashe kowane ɓangare na masu gardama yana da tasa gaskiyar.

Wahalhalun Aikin

Kada a ɗauka aikin mai sauƙi ne. Wahala ta farko ita ce hasken kwezar kansa. Duk wanda mota ta taɓa haske wa ido da dare ya san ba ya iya ganin mutumin da ke tsaye kusa da fitilarta. Haka kweza ke dallare hoto, ga kuma iskar duniya da ke sa kowane ɗigon haske ya baje. Dabarar da ake yi ita ce a nemi wani tauraro a cikin hoton, a koyi yadda madubin ke baje haskensa, sai a sa kwamfuta ta zana irin wannan siffa daidai ƙarfin kwezar, a ɗebe ta daga hoton, a dubi abin da ya saura. Madubin Hubble, mai faɗin mita 2.4, wanda aka harba sama a 1990 aka kuma gyara ganinsa a 1993, ya taimaka ƙwarai, domin yana can bisa iskar duniya.

Akwai wata dabarar mai ban sha'awa da aka fara aiki da ita sosai daga wajen 2010. Akan nemi kwezar da gajimare biyu suka tare, ɗaya kusa ɗaya nesa. Na nesan, in yana da kaurin haidirojin, yakan shanye wani launi na hasken kwezar ƙaf. In aka ɗauki hoto da wannan launi kaɗai, sai a ga kwezar ta ɓace, kamar mutum ya sa tafin hannu ya kare ido daga rana, sa'an nan a duba ko garken da ke kusa zai fito. A mafi yawan wuraren da aka gwada ba a ga komai ba a daidai layin kwezar, kuma wannan ma sakamako ne, domin ya nuna masu tarewar ko dai dusassu ne ƙwarai, ko kuwa suna can gefe.

Wahala ta biyu ta fi hatsari, ita ce ɗora wa marar laifi. Matafiyin da ya taso daga Tsafe ya nufi Gusau zai iya hangen wata bishiya kamar ta jingina da Dutsen Kwatarkwashi, alhali akwai tafiya mai nisa tsakaninsu. Haka hoton sama yake, ba ya nuna zurfi. Garken da ya fi kusa da kweza a hoto yana iya kasancewa gaba da ƙurar ko bayanta da shekarar haske biliyan guda. Kama da wane ba wane ba ne. Shi ya sa hoto kaɗai ba ya yanke hukunci sai da shaidar bakan haske. Ko an sami wanda gocewarsa ta dace ma, magana ba ta ƙare ba, domin mai yiwuwa akwai wani ƙaramin garke a ɓoye cikin hasken kwezar, wanda shi ne ainihin mai ƙurar. Bugu da ƙari, mai binciken da ya tsaya da zarar ya sami wanda yake nema ba zai san ko akwai na biyu da na uku ba.

Wannan matsala ce aka rage da wata na'ura mai suna MUSE, wadda aka ɗora a 2014 a kan ɗaya daga cikin manyan madubai huɗu na Dutsen Paranal a Cile, kowane mai faɗin mita 8.2. Tana ɗaukar hoto da bakan haske a lokaci guda, ta raba wurin da take kallo gida 90,000, kowane gida da nasa bakan. Ba sauran zaɓen wanda za a tuhuma, kowa sai an bincike shi. Da aka yi haka sai aka tarar sau da yawa garkuna biyu ko uku ko fiye suna nan a gocewa guda. In garkuna da dama suka bi burtali ɗaya, wa zai ce ƙurar ta wane ce?

Abin da Aka Ƙaru da Shi

Duk da waɗannan wahalhalu, an ƙaru da abubuwa manya. Na farko, an san garke ya fi abin da ake gani girma nesa ba kusa ba. A 2009 'yan sama jannati suka sa wa madubin Hubble wata sabuwar na'urar bakan haske mai suna COS, aka binciki garkuna fiye da 40 waɗanda ke da kweza a bayansu. Aka sami iskar gas har nisan shekarar haske kusan 500,000 daga tsakiyarsu, kuma lissafin da aka fitar a 2014 ya nuna nauyin wannan iska ya kai na dukan taurarin garken, ko ma ya fi.

Na biyu, an san wannan iska ba a zaune take ba. A nan ne hoto ya fi nuna amfaninsa, domin shi ke faɗin siffar garke da yadda ya karkata. Garkuna da yawa faifai ne, masu faɗi da gefe. Da aka gwama siffarsu da inda kweza ta faɗo, sai aka lura an fi samun iska mai kauri a wurare biyu: bisa da ƙarƙashin faifan, inda fashewar manyan taurari ke feso ta waje, da kuma daidai gefen faifan, inda ake ganin sabuwa ce ke kwararowa ciki. Da wannan iska ake ƙera sababbin taurari, ita ce rumbun garke. A 2011 aka nuna cewa garkunan da ke kan haihuwar taurari kusan dukansu suna lulluɓe da oksijin mai zafi, waɗanda suka daina haihuwa kuwa ba kasafai ake samunsa a kewayensu ba. Oksijin da kabon da ƙarfe duk a cikin taurari ake dafa su, saboda haka samunsu a can nesa shaida ce ta cewa daga cikin garken aka watso su. Kuma irin waɗannan sinadarai ne suka haɗu suka zama ƙasar noma da jinin jikin ɗan Adam.

Na uku, an leƙa ƙuruciyar garkuna. A 2017 aka yi amfani da ALMA, tarin faya-fayen rediyo 66 da ke kan tudu mai tsawon mita 5,000 a Cile, aka kama hasken kabon daga garkuna biyu masu tare hasken kweza, kamar yadda suke kimanin shekara biliyan 12 da suka wuce. A irin wannan igiya kweza ba ta dallare ido. Aka sami ɗaya a nisan shekarar haske 137,000 daga layin kwezar, ɗayan kuma 59,000, abin da ya nuna tun a wancan zamani garkuna na da faffaɗan lulluɓi.

Na huɗu kuwa, mutumin Karakkai zai iya ɗaga kai ya dubi inda abin yake. Da kaka, bayan ruwa ya ɗauke kafin hazo ya sauko, a daren da babu wata, akan ga wani ɗan fari-fari ta wajen arewa, can sama. Shi ne garken Andiromeda, mai nisan shekarar haske miliyan 2.5, wanda Abdurrahman al-Sufi ya siffanta da ɗan gajimare a littafinsa na taurari a wajen shekarar 964. A 2020 aka fitar da sakamakon binciken kwezoji 43 da ke bayansa, aka tarar lulluɓinsa ya miƙa shekarar haske miliyan 1.3, watau kusan rabin hanya zuwa garken da duniya ke ciki. Ɗan farin da ido ke gani cibiya ce kawai.

Rabon Afirka

Manyan madubai na wannan aiki suna Cile da Hawai da sararin sama, amma Afirka ba 'yar kallo ba ce. Wani ɗan Nijeriya, Samuel Okoye, wanda aka haifa a 1939 ya rasu a 2009, ya yi digirinsa na uku a Jami'ar Kambirij ta Ingila tare da Antony Hewish. A 1965 suka ba da rahoton wani ɗan ƙaramin abu mai ƙarfin igiyar rediyo a cikin gajimaren da ake kira Ƙaguwa, wanda daga baya aka gane ragowar tauraron da ya fashe ne. Hewish ya shahara da nazarin yadda igiyar rediyo ke ƙyaftawa in ta ratsa iskar da ke fitowa daga rana, kuma don neman kwezoji ta wannan hanya ya gina na'urar da ya fara aiki da ita a 1967. Tushen tunanin ɗaya ne da na wannan maƙala, watau haske yana ɗauke da labarin hanyar da ya biyo. Okoye ya komo gida ya koyar a Jami'ar Nijeriya ta Nsukka, inda ya kafa harsashin nazarin sararin samaniya. A Afirka ta Kudu kuma an buɗe MeerKAT a 2018, mai faya-faye 64, kuma cikin manyan ayyukan da aka tsara mata har da neman haidirojin da ke tare igiyar rediyo ta kwezoji.

Kammalawa

A taƙaice, kweza fitila ce, iskar da ke kewaye da garken taurari ita ce ƙura, baƙaƙen layukan bakan haske kuma su ne shaidar cewa wani abu ya gitta. Layukan suna faɗin irin sinadarin da nisansa, amma ba su faɗin mai shi. Hoto yana nuna waɗanda ke wurin da siffarsu, amma ba ya nuna zurfi. Sai an haɗa shaidun biyu ake yanke hukunci, kuma ko an yanke, masani na gari yakan bar ƙofa a buɗe, domin an sha ganin sabuwar na'ura ta fito da wanda tsohuwa ba ta gani ba. Daga shawarar 1969 zuwa tabbacin 1986 shekara 17 aka yi ana jira, daga nan zuwa auna nauyin iskar a 2014 kuma aka ƙara 28. Abin da wannan haƙuri ya haifar shi ne sanin cewa taurarin da ake gani wani yanki ne kawai na garkensu, sauran yana cikin duhun da ke tsakani, kuma daga cikin wannan duhu ne taurarin gobe za su fito.